Darasi na Shida: Littafin Awon Tela

Manufar darasi

Wannan darasi na malamai ne masu koyar da manya a cibiyoyin koyon sana'a. Idan malami ya kammala shi, ana sa ran zai iya:

1. gano lissafin da ɗalibi babba ya shigo aji da shi tun kafin ya riƙe alƙalami;
2. zaɓo kalmomin koyar da karatu daga kayan aikin sana'a;
3. bayyana dalilin da ya sa sabon ɗalibi ke rubuta ɗari uku 1003, da yadda ake gyara masa;
4. tsara zaman aji na awa biyu wanda ya haɗa karatu da lissafi da aikin hannu.

Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki a goman ƙarshe na watan azumi ya san halin da tela ke ciki. Kaya sun cika shago, kowa yana son nasa kafin daren Sallah. Telan da bai iya rubutu ba yana da dabarunsa: ya ce a kawo tsohuwar riga ya auna da ita, ko ya yanki ƙyalle ya ƙulla alamar tsawo ya cusa cikin yadin. Dabarar tana aiki muddin masu kaya ba su wuce biyar ko shida ba. Idan suka kai arba'in, sai ƙyallen wannan ya koma ledar wancan. Daga nan sai gardamar kuɗi: mai kaya ta ce dubu uku ta bayar kafin alƙalami, tela ya rantse dubu biyu ne. Abin lura shi ne, sunan kuɗin ma kafin alƙalami, amma ba alƙalamin da ya shaida shi.

Wannan tela ba ya neman a koya masa cewa biyu da biyu huɗu ne. Ya fi malaminsa saurin lissafin canji. Abin da ya rasa shi ne hanyar da zai sauke abin da ke kansa a kan takarda, ta yadda gobe zai tarar da shi yadda ya bar shi, wani ma ya karanta ya gane. Aikin malamin ajin sana'a ke nan. Za mu ɗauki ajin ɗinki misali, amma hanyar ɗaya ce ga kafinta da magini da makanike da mai yin sabulu.

Daga ina wannan hanya ta fito?

Koyar da manya boko ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororinsa. Masu tafiyar da shirin sun fahimci cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba zai manta. Saboda haka hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, ban da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Daga baya Jihar Kano ta kafa hukumarta ta ilimin manya a 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnatin tarayyar Nijeriya kuma ta kafa ta ƙasa baki ɗaya a 1990.

A 1965 hukumar UNESCO ta tara ministocin ilimi na ƙasashen duniya a birnin Tehran na Iran. A can ne ra'ayin haɗa koyon karatu da aikin da mutum ke ci da shi ya sami gindin zama. Shekara biyu kafin nan, a 1963, wani malami ɗan ƙasar Brazil, Paulo Freire, ya jagoranci koyar da manya kimanin 300 karatu a garin Angicos cikin awa 40 na zaman aji. Bai fara da jera haruffa ba. Sai da ya saurari kalmomin da mutane ke yawan faɗa a harkokinsu, sannan ya zaɓi kaɗan ya rarraba su gaɓa-gaɓa. Kalmar da aka fi tunawa da ita a tsarinsa ita ce sunan bulon gini a harshensu.

Hausa ta dace da wannan hanya ƙwarai, domin yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, kuma ana rubuta ta kusan yadda ake furta ta. Sannan ajin sana'a yana da maganin mantuwa a cikinsa: telan da ya fara riƙe littafin awo zai buɗe shi kullum, ko an rufe aji ko ba a rufe ba.

Mataki na farko: tambaya kafin koyarwa

Kada malami ya taɓa allo a zaman farko. Ya zauna ya yi tambaya. Yadi nawa ne a turmin atamfa? Idan mutum uku suka haɗa kuɗi suka sayi turmi biyu, yadi nawa kowa zai samu? Idan an ba ki dubu biyar, kuɗin ɗinki dubu uku da ɗari bakwai, nawa za ki mayar? Amsa za ta zo tun kafin ya rufe baki. Sai ya bi da tambayar da ta fi muhimmanci: “Hajiya, yaya kika yi kika samu?” Za ta ce daga dubu uku da ɗari bakwai, ɗari uku ya cike dubu huɗu, ga kuma dubu guda, ya zama dubu da ɗari uku. Wato ita ba ta ɗebewa, cikewa take yi. Hanyar daidai ce, kuma malami ya faɗa mata haka a gaban kowa.

A wannan zama ne kuma malami zai gano abubuwa uku.

Na ɗaya, wa ya yi makarantar allo? Wanda ya iya karanta ajami ba sabon shiga ba ne. Ya san baƙi, ya san wasali, ya san haɗa su. Abin da zai saba da shi kawai shi ne sabuwar siffar haruffa da farawa daga hagu. A miƙa masa takardar naira 500 ko 1,000 ya karanta ajamin da ke jiki, sannan a nuna masa adadin da lambobin boko. Amma a kula: a lambobin Larabci da ke cikin littattafan bugu, biyar tana kama da sifilin boko, shida kuma tana kama da bakwai.

Na biyu, da wace ƙidayar kuɗi ya saba? A Maraɗi da Damagaram da Tawa ana ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Abin da baki ya kira dala ashirin, takarda 100 take rubutawa. Ɗalibin can yana ninkawa da biyar kullum ba tare da ya san sunan abin da yake yi ba. A Nijeriya ma akwai dattawan da idan suka ce jaka, naira 200 suke nufi, tun daga canjin kuɗi na 1973 da fam ɗaya ya koma naira biyu.

Na uku, wa ke fama da ido? Da yawa daga waɗanda suka haura shekara arba'in ba sa ganin abu na kusa sosai. Wadda ke neman yaro ya sa mata zare a allura, ba za ta ga ƙananan haruffa ba. Sau da yawa abin da malami ya ɗauka rashin fahimta ne, rashin tabarau ne. A yi rubutu manya-manya, a zauna inda haske yake.

Mataki na biyu: haruffa daga kan keke

Malami ya ɗora hannu a kan keken ɗinki ya tambayi sunansa, sannan ya rubuta a allo: keke. A furta tare, a tafa sau biyu: ke-ke. Daga nan a fito da danginta: ka, ke, ki, ko, ku. Da wannan kalma ɗaya ɗalibi ya haɗu da wasulan Hausa biyar. Kalma ta biyu ita ce zare: za, ze, zi, zo, zu, ra, re, ri, ro, ru.

A rubuta gaɓoɓin goma sha biyar a kan guntayen kwali a baza a tebur, kowa ya haɗa abin da zai iya. Za a sami kaza, kare, rake, kuka, kaka, zaki. Har jimla tana fitowa: Kaka, ki kori kare. Mutumin da ya karanta cikakkiyar jimla a makonsa na farko ba ya bukatar a roƙe shi ya dawo.

Sai a ci gaba da bin wannan tsari:

(a) kalmomi masu sauƙin gaɓa: tela, riga, yadi, wuya;
(b) masu gaɓar da ta ƙare da baƙi: wando, cinya, aljihu, almakashi;
(c) masu baƙi biyu iri ɗaya a jere: hannu, allura, alli, shadda;
(d) masu ƙugiya da masu goyo: ƙugu, ƙirji, kafaɗa, maɓalli, tsawo, shafi.

Kada a yi sakaci da haruffa masu ƙugiya. A rubuta zaki da zaƙi, baki da baƙi, kara da ƙara, a bar ɗalibai su faɗi bambancin da kansu. Telan da aka aiko wa takarda cewa a yi aikin wuya da baƙin zare ya san ƙugiyar nan ba ado ba ce.

Hannun babba yakan yi tauri a kan biro, ko da kuwa gwani ne a kan almakashi. A fara da abin da hannun ya sani: allin tela a kan ƙyalle ko a kan takardar buhun siminti, wadda dama a kanta ake koyon taka keke. Bayan hannu ya saki sai a koma fensir da littafi.

Mataki na uku: gidajen lamba

A nan ne mafi yawan malamai ke yi wa ɗalibi rashin adalci. An ce ya rubuta ɗari uku, ya rubuta 1003. An ce dubu biyu da ɗari biyar, ya cika layi da sifili. Malami ya ja jan biro ya wuce. Alhali ɗalibin abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Bahaushe yana fara ambaton ɗari, sannan ya faɗi guda nawa ne. Rubutun lamba kuwa ukun yake fara ajiyewa. Haka ma ashirin ba ɗaya: kunne ya ji ashirin, ya ji ɗaya, amma a 19 ba ko ɗaya daga cikinsu a inda ake zato. Kuskuren yana da tushe, kuma idan malami ya san tushen gyara ba ya wuya.

A samo gwangwani huɗu a jera daga hagu zuwa dama: gidan dubu, gidan ɗari, gidan goma, gidan ɗaiɗai. A yanka kwali a matsayin takardun dubu da na ɗari da na goma, maɓallai su tsaya a matsayin ɗaiɗai. A ce wa ɗalibi ya zuba ɗari uku. Zai sa kwali uku a gidan ɗari. Sai a tambaye shi gida-gida: nawa ne a nan? Uku. A nan fa? Babu. A nan? Babu. A rubuta a ƙarƙashin kowane gwangwani: 3, 0, 0. Sifili shi ne mai gadin gidan da ba kowa. Idan aka kore shi, maƙwabci ya shige gidan da ba nasa ba. Doka ɗaya ce tak: gida ba ya ɗaukar goma. Da sun cika goma sai a canza su da takarda ɗaya ta gidan gaba, kamar yadda ake kai canji wurin mai shago a karɓo dunƙulalliya.

Idan an ƙware, a kawo misalin da baki kansa ke ruɗewa a kai: dubu ɗari da hamsin. Shin 150,000 ne ko 100,050? A ciniki mutane sukan gane daga yanayin kayan, amma wayar hannu ba ta san yanayi ba. Ɗalibin da zai karɓi kuɗin aikinsa ta asusun banki dole ya iya ƙirga sifili, ya san amfanin waƙafin da ke raba dubbai, ya kuma iya kwafe lambar asusu mai lamba goma da ta waya mai goma sha ɗaya ba tare da ya tsallake ko guda ba.

Mataki na huɗu: tef

Tef ɗin awo littafin lissafi ne da ke rataye a wuyan kowane tela. Fuska ɗaya inci 60 ne, ɗayar santimita kimanin 150. Telolin Nijeriya sun fi aiki da inci da yadi, na Nijar da santimita da mita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi ɗaya inci 36, mita kuwa ta ɗara yadi da inci uku da 'yan kai. Wanda ya auna ƙirji 38 a fuskar inci, ya juya tef ya yanka 38 a fuskar santimita, ya yanka abin da bai kai inci 15 cikakku ba. Shaddar mutane ta tafi. A sa kowane ɗalibi ya yi wa fuskar da yake aiki da ita alama.

Tsakanin inci da inci akwai ƙananan layuka da suka raba shi takwas. Ba sai an ƙirƙiro musu suna ba. Rabi da kwata kowa ya san su, kashi ɗaya cikin takwas kuwa shi ne sumuni, wanda duk matar da ta taɓa zama wurin rabon gado ta ji shi. Sumuni biyu kwata, kwata biyu rabi. A nuna su a tef tukuna, sannan a rubuta ½ da ¼.

Rabawa ma a tef take. Tela yakan ninka yadi gida huɗu kafin ya yanka gangar riga, saboda haka awon zagaye, kamar ƙirji da ƙugu, sai an raba shi huɗu. Gwanayen teloli ba sa neman biro: su kama tef a kan 38, su ninka biyu su ga 19, su sake ninkawa su ga 9½. Malami ya bari a yi haka da hannu sau da yawa, sannan ya rubuta 38 ÷ 4 = 9½, ya ce: “Abin da kuka yi yanzu, ga sunansa a rubuce.” Idan za a bar inci ɗaya na ɗinki, 9½ + 1 = 10½.

Mataki na biyar: shafin littafin awo

Yanzu a haɗa komai a shafi ɗaya. Kowane ɗalibi ya ja layi a littafinsa kamar haka (adadin da ke nan misali ne kawai):

Mai kaya: Maman 'yan biyu
Ranar kawowa: 3 ga wata. Ranar alkawari: 12 ga wata
Kaya: atamfa yadi 6, riga da siket
Awo: kafaɗa 15, ƙirji 38, ƙugu 34, hannu 22, tsawo 25
Kuɗin ɗinki: 6,000
Kafin alƙalami: 2,500
Ciko: 3,500

A bayan shafin a rubuta abin da aikin ya ci: zare 300, zik 200, shafi yadi biyu 1,400, mai surfani 1,500, mai da guga 400. Jimla 3,800. Abin da ya rage wa tela 2,200 ne, kuma ba a cire kuɗin haya da gyaran keke ba. A irin wannan zama ne aji kan yi tsit, domin akwai wanda ya shekara yana ɗinki yana zaton dubu shidan nan duk riba ce. Malami ya ba da lokaci a tattauna. Daga nan ne maganar jari da riba da zubin adashi za ta taso da kanta.

Ladabin ajin manya

Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, amma gemu yana da haƙƙinsa. A cikin aji akwai sa'ar mahaifiyar malami. A kira kowa yadda ake kiransa a unguwa: Baba, Inna, Hajiya, Malam, Yaya. Kada a tsayar da babba gaban allo ba da son ransa ba, kada a sa a yi masa tafin yara. Kada a ce wa mace ta karanta sunan mijinta ko na ɗanta na fari da ƙarfi. Da yawa suna alkunyar waɗannan sunaye, sai a ɗauka ba ta iya ba ne. Idan za a yi gyara, a sunkuya kusa da mutum a yi shi a hankali.

A tsara lokaci da shawarar ɗalibai. A kauce wa ranar kasuwar gari da lokacin sallah da na ɗora girki. Ajin teloli a ba shi hutu gab da Sallah, na manoma a sassauta shi da damina. Wanda ya yi fashi ya dawo, a tarbe shi da gaisuwa, ba da tuhuma ba; ba wasa ya je ba.

Tsarin zama ɗaya na awa biyu

Minti 15: gaisuwa da bitar jiya, kowa ya karanta shafi ɗaya daga littafin awonsa.
Minti 30: kalmar yau da gaɓoɓinta, haɗa kwalaye, rubutu.
Minti 30: lissafin yau da tef ko gwangwanaye.
Minti 35: aiki bibbiyu. Ɗaya ya auna ɗan'uwansa ya rubuta, maza da maza, mata da mata. A yi musayar littafi, wani ya karanta ya zana ya yanka a takardar siminti.
Minti 10: aikin gida, wanda za a yi a shago ko a ɗaki da kayan gaske.

Wannan musayar littafi ita ce jarrabawa. Idan wanda bai ga mai kaya ba ya karanta awon ya yanka daidai, rubutu ya yi aikinsa.

Taƙaitawa

Babba yana zuwa aji da lissafinsa a ka da sana'arsa a hannu. Malami ya fara gano abin da ya sani, ya ciro haruffa daga sunayen kayan aikinsa, ya koyar da gidajen lamba da kuɗi, ya koyar da rabi da kwata da rabawa a jikin tef, sannan ya tattara duka a littafin da ɗalibi zai ci gaba da buɗewa bayan an sallami aji.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka riƙa buga jaridun larduna a zamanin Yaƙi da Jahilci? Mene ne ke taka irin wannan rawa a ajin ɗinki?
2. Ɗalibi ya rubuta ɗari bakwai 1007. Bayyana tushen kuskuren da yadda za ka gyara shi.
3. Turmi ɗaya mai yadi 6 inci nawa ne? Raba ƙugu 34 da ƙirji 37 gida huɗu.
4. A kasuwar Maraɗi an ce kaya dala ɗari da hamsin. Wace lamba za a rubuta?
5. Kawo abubuwa uku da za su sa babba ya daina zuwa aji alhali ba wahalar karatu ce ta kore shi ba.

Aikin yi

Zaɓi sana'a ɗaya ban da ɗinki. Je ka zauna awa ɗaya a wurin masu ita, ka saurara, ka rubuto kalmomi goma da suka fi maimaitawa da lambobin da suke ambata: girman katako da ƙusa a wurin kafinta, lambar sifana a gareji, bulo mai inci shida da mai inci tara da buhun siminti mai kilo 50 a wurin gini. Jera kalmomin daga mai sauƙin gaɓa zuwa mai wuya. Sannan ka tambayi maigidan wurin wane abu ne ya fi jawo gardama tsakaninsa da masu kawo aiki, ka zana masa shafin littafin da zai kashe wannan gardama. Kawo shafin aji a zama na gaba, da shi za mu buɗe darasi na bakwai.